Gulbin da ke cika sau biyu

Shekarar da aka sauya wa ƙasa suna daga Dahome zuwa Benin, aka kawo sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, garinmu Malanville, mutumin kudu, mai koyar da labarin ƙasa. Mushe muke ce masa. Ɗana na fari yana ajinsa.

Wata Juma'a Mushe ya tarad da ni bakin gulbi ina gyaran komar kamun kifi.

"Malam, littafi ya ce ruwan nan da damina yake cika. To mun shiga ɗari, ga shi yana hawa. Wa ke ƙarya?"

Na ce, "Mushe, littafinka ya taɓa shiga jirgi?"

Ya yi dariya. Na gaya masa abin da kowace mai sayar da kifi ta sani: jan ruwa na damina ne, ya zo ya wuce, baƙin ruwa kuwa daga nesa yake tasowa, sai ana dashen albasa yake iso mu.

Bai yarda da baki ba. Ya kafa gora a gaɓa, ya tsaga mata layuka. Shi yana aji, ni nake dubawa bayan la'asar, in rubuta da ajami inda ruwa ya kai. Shekara biyu muna haka. Sannan ya koya wa yara: gulbinmu sau biyu yake cika.

Tambayar ta fito a jarrabawar sartifika, ta gama firamare. Yaranmu suka rubuta abin da aka koya musu. Masu gyaran takardu, can nesa da mu, suka duba littafi suka soke. Ɗana da maki kaɗan ya faɗi, shekarunsa kuma sun wuce na sakewa.

Da mai duba makarantu ya zo, Mushe ya kai ni gabansa da takarduna. Mutumin ya juya su sama da ƙasa, ya ce, "Wannan laya ce ko lissafi?" Na fara karanta masa, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce wa Mushe albashinsa na littafi ne, ba na gora ba.

Da ɗari ya kewayo na bi ta bayan ajin. Na ji muryar Mushe: "Sau nawa gulbi ke cika?" 'Ya'yan masunta suka amsa baki ɗaya, "Sau ɗaya." Ta taga ana hangen ruwa har gindin gonakin shinkafa. Na nemi tsarin Allah na wuce.

Ranar da aka mayar da shi kudu ya zo ƙofar gidana, bai yarda ya zauna ba.

"Malam, na ɓata wa yaronka hanya. Ka yafe mini."

"Da hannuna aka rubuta, Mushe. Ni ma ka yafe."

Muka yafe wa juna a tsaye. Yaron yana ciki yana ɗaure buhunan albasa, ya ji mu, bai fito ba.