Hawayen da ba na makoki ba

Shekarun baya, ranar da ƙanwar mahaifiyata ta rasu a Gaweye, ni na ɗauko Inna daga gidanmu na Zongo zuwa zaman makoki. Ta daɗe da ciwon Fakinsan. Rawar hannunta kowa na gani, kowa na tausaya mata. Ƙafafun ne ba a gani. In ta ɗan jima a zaune sai ta ji kamar tururuwa na yawo cikin ƙashinta, ba sauƙi sai ta tashi ta taka. Abin ya fi tsanani da yamma, in ƙarfin magani ya fara sauka.

Ni kuwa sarauniyar tsari, na tuna tabarmi, na tuna goro, na bar kwalin maganin a kan firijo.

Bayan la'asar Inna ta tashi ta zaga tsakar gida ta dawo. Ta sake tashi. Mata na shigowa gaisuwa, ita kuwa Inna, yayar mamaciya, tana can bakin randa tana kai da komo. Na ji wata tana raɗa, "Hajiya ko zama ta kasa yi wa 'yar'uwarta." Kunya ta rufe ni. Na jawo ta na zaunar, na danne gwiwarta da hannuna.

"Inna, ki yi haƙuri ki zauna, ana kallonmu."

Ta dube ni. Har magariba ba ta sake tashi ba, sai hawaye. Matan suka ce Allah sarki, yanzu mutuwar ta shige ta. Ni har daɗi na ji, wai na gyara.

A cikin taksi muna komawa ta ce, "Ɗiyata, hawayen nan ba na ƙanwata ba ne, ƙafafuna ne. Tunda kika zaunar da ni ban samu na tuna da ita ba."

Daga baya lokotoro ya gyara mata lokutan shan maganin, ya haɗa mata da na ƙarin jini, ya ce kada a sake hana ta tashi. Ta samu sauƙi, kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba. Da ma ta yi mini faɗa.

Har yau abin yana ci na. Ciwon da na gani na yi wa hidima, wanda ban gani ba na ɗauke shi rashin kara. Da Inna ta rasu na zauna kwana uku cur, ƙafafuna lafiya lau, na yi kukana son raina. Abin da na hana ta ke nan.