Baba a ƙarƙashin rumbu

Jama'a, ku ji abin da ya faru da ni yau!

Kyamarar da na sa wa iyayena a 'Yankuzo ta ƙi nuna hoto tun da na dawo Gusau. Ɗazu na gyara saitin modem ɗin da ke haɗa ta da intanet daga nan. Hoto na fitowa, sai ga Baba kwance, rabin jikinsa ƙarƙashin rumbu, ba motsi! Innalillahi!

Na kira shi, bai ɗauka ba. Na kira maƙwabcinmu Malam Sani: "Don Allah ruga gidanmu!"

Ina kallo ya shiga a guje. Sai Baba ya jawo jiki ya fito, hularsa cike da ƙwan zabi. Alhamdulillahi!

Ya karɓi wayar Malam Sani ya ce mini, "Kai, yanzu ko ƙwai ba ni ɗauka sai Gusau ta gani?"