Tabarau Mai Koren Madubi

Jama'a, wannan abin ni ya faru da ni, da rana tsaka, ba labarin wani ya gaya wa wani ba ne. An kwana biyu da yin sa, tun lokacin da mutum kan bar Tsafe da sassafe ya tafi Bungudu ya dawo ba wanda ke bin shi da waya yana tambayar ko ya sauka lafiya. Ni mutumin Tsafe ne, sana'ata su, jifar birgi, wato ragar kamun kifi, nake yi a gulbin da ya ratsa Gusau ya wuce Bungudu. Karatuna bai wuce cikin cokali ba, shi ma malamin ne ya gaji da ni kafin in gaji da shi, don haka in kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da igiya. Na san an san ni da shaƙiyanci, amma wallahi a wannan ban ƙara gishiri ba.

A shekarar aka yi mini aikin yanar ido a na dama. Na hagu dama tun ina yaro ƙaya ta taɓa shi, gani yake kamar ta cikin koko. Likita ya ce ƙyallin rana a kan ruwa zai lalata wanda aka gyara, ko dai in riƙa sa tabarau ko in bar su. To barin su a wurina barin tuwo ne, ga iyali cike da gida, ni kuwa ko noma ban iya ba, gonar gadonmu ma ciyawa ce ta fi samun albarkata.

Na farko a tasha na saye shi, wajen masu yawo da su jere a jikin katako, baƙi ƙirin. Na sa na fito kamar ɗan sandan ciki, har mai shayi ya gaishe ni da ranka ya daɗe. Da na isa gulbi kuwa, duniya ta yi duhu, ƙyallin yana nan daram, ban ga kifi ba ban ga santsin dutse ba, sai ji na yi na zauna cikin ruwa da wandona.

Aka kwatanta mini wani shago a Sabon Gari na Gusau, na wani Alhaji Bayarabe da aka haifa a garin, Hausarsa ta fi tawa daidai. Ya ce ba baƙi ke aiki ba, akwai wani shafi siriri cikin gilashin da ke yanke ƙyalli. Ya ɗauko wani ɗan kati fari ba komai a jiki, ya ce in sa tabarau in duba, sai ga hoton kifi ya fito. Na cire, babu. Na ce Alhaji ka ji tsoron Allah, siddabaru kake sayarwa? Ya yi dariya ya zaunar da ni ya fara karatu: mai ruwan toka na babban ruwa ne mai zurfi, mai ruwan ɗorawa na sassafe ne ko ranar hadari, mai ruwan ƙasa shi ne na gulbi irin namu mai yashi da laka. Shafin madubin da ke waje kuma, shuɗi na masu shiga teku ne, kore na ruwa mai ciyawa. Na saurara tsaf kamar mai fahimta, sannan na nuna mai toka da shuɗin madubi.

"Baba, teku za ka je?"

"Hulata shuɗiya ce," in ji ni.

Haka na tafi da shi. A fili ba laifi, amma da na shiga inuwar duwatsu inda tarwaɗa ke kwanciya, kamar na leƙa rijiya. Na koma Gusau na musanya da mai ruwan ɗorawa, don wani a mota ya rantse mini shi ne na Turawa. Kafin azahar kaina ya ɗauki sara, idon na ta hawaye, komai ya koma launin fitsarin jaki. Kuɗin mota na ta tafiya, kifi babu, mai ɗakina ta fara tambaya ko shagon tabarau na auro. Zuwana na ƙarshe Alhajin ko gaisuwata bai gama amsawa ba, ya miƙo mai ruwan ƙasa da koren madubi, ya ce shi ya ce in ɗauka tun farko, in na sake dawowa zai rufe shago ya koma Ilorin da bai taɓa zama ba.

Wannan kam ya yi. Ruwa ya buɗe kamar an yaye mai bargo, ina ganin karfasa tana kiwo, ina ganin inda tarwaɗa ta sa kai. Masunta suka raɗa mini Koren Ƙuda, ban damu ba tunda gorana na cika da kifi. Yara kuma duk inda na zauna sai su tsaya gabana suna duba haƙoransu a idona.

Akwai wani gurbi mai zurfi tsakanin Bungudu da Nahuce, ƙarƙashin wani falalen dutse. Al'adar wurin, kafin ka jefa birgi sai ka tsuguna ka wanke fuska da ruwan, ka jira ya kwanta har fuskarka ta fito a ciki, wai ruwa ya ga wanda ya zo. Baba Nomau, dattijon masuntan yankin, bai yarda ko hula a bari a kai ba. Ran nan rani ne, rana ta take, ina hawa dutsen na hango tarwaɗa manya sun yi baƙi a ƙasa. Na ce in na cire tabarau ƙyalli ya doki idona, kafin in gama murza shi sun watse. Sai na tsoma hannu na shafa gemu kawai, na ce ruwa ya yi haƙuri da wannan.

Na gyara birgi a kafaɗa zan jefa, sai na lura kifin nan ba sa motsi, duk sun jeru sun mai da kai wuri ɗaya kamar masu sauraren wa'azi. Na bi inda suke kallo da ido. Mutum ne zaune a kan yashin ƙasan ruwa, ya tanƙwashe ƙafa, kansa a aske, farin zane a jikinsa, kuma zanen ba ya tashi yadda tufa ke yi cikin ruwa. Na ce inna lillahi, gawa ce. Ban rufe baki ba ya ɗago fuska.

Abin da har gobe ke tada mini tsikar jiki, ba ni yake kallo ba. Kansa yake kallo. Ya juya kunci dama, ya juya hagu, ya shafa haɓa a hankali, kamar wanda wanzami ya miƙa wa madubi. Na zame tabarau ƙasa, ba komai sai ƙyalli ya soke ni. Ni da wauta na mayar. Fuskar ta taso, tsakaninta da saman ruwa bai fi tafin hannu ba, ba kumfa, ba ƙiftawa, ruwan ko girgiza bai yi ba. Na nemi ayar da zan karanta, wallahi addu'ar cin abinci ce kaɗai ta zo bakina, ita na yi ta maimaitawa, igiyar birgi tana zamewa daga hannuna.

Baba Nomau ne, da ban ma san yana kusa ba, ya kama wuyan rigata ta baya ya ja ni har kan yashi. Ya juyo da ni zai yi faɗa, ya dubi tabarau ɗin, sai ya ja da baya. Ya ce in cire in kife shi ƙasa. Na tambaye shi abin da ya gani, ya ce shi dai ba kansa ya gani a ciki ba.

"Ka nuna mai fuska tai, kai kau ka ɓoye taka," in ji shi. "Yanzu ya san abin ga, bai san ka ba. Neman ka za shi yi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, har Allah ya karɓi abinsa bai ƙara ba.

Ban haƙura nan da nan ba, yunwa ba ta barin mutum. Na samo mai ruwan ƙasa marar madubi, na koma wajen dam na Gusau, na gwada wani tafki kusa da Tsafe. Duk inda na tsaya, in an jima sai in ga kifin sun daina kiwo sun jeru sun mai da kai wuri ɗaya. Ban sake bin inda suke kallo ba, nannaɗe birgi nake in bar wurin. In na cire tabarau kuma idon ya kwana yana zogi. Da shi ba dama, ba shi ba dama, haka na sayar da birgina. Yau a tashar Tsafe nake suyar kifin da wasu suka kamo, ni da nake kamawa, abin takaici har ciniki ake yi da ni kan tarwaɗar da a da kyauta nake ba maƙwabta.

Mai koren madubin na mayar wa Alhaji, ban nemi komai ba. Bayan wani lokaci muka haɗu a kasuwa, ya ja ni gefe ya ce ya fitar da shi daga shago, don kullum ya buɗe akwatinsa da safe sai ya tarar da shi jiƙe sharkaf, da ɗan yashi a ƙasa, ana tsakiyar bazara. Ban tambaye shi inda ya kai shi ba, shi ma bai faɗa ba.

To masu shiga gulbi, ku sayi mai ruwan ƙasa, shi ne daidai da ruwanmu, kada ku biye wa hula. Amma in kun je wurin da manya suka ce a yi kaza, ku yi shi yadda suka ce, ko da kifi zai gudu. In kuma kun hango abin da ba kifi ba, kun cire tabarau ya ɓace, don Allah kada ku mayar.