Ƙahon Ataa Oblitey

Ataa Oblitey ya tsufa yana busa ƙaho a Akra. Tun yana saurayi kiɗan jaz yake yi a wani gidan rawa na unguwar Osu, shi da abokansa. Mutuwa ta bi su ɗai-ɗai, ta haɗa da matarsa, gidan rawar kuma ya koma shagon waya. Saura shi da Nortey mai ganga, wanda kan zo duk Lahadi su ci dokunu, tuwon masarar Akra, da soyayyen kifi.

Wata rana Madam Ekua mai ɗakin ɗaukar waƙa ta same shi har gida.

"Ataa, zo ka busa wa yarana. Ƙahon nan tsatsa zai yi."

Ya amsa, don ya gaji da busa wa bango.

Faifan ya fito da kiɗan rawa irin na samari, ƙahon na ɗan leƙowa tsakanin baiti da baiti. Gari ya ɗauka. Masu sharhi kuwa suka yi masa caa. Wani ya rubuta a jarida wai tsoho ya ari wandon jikansa. Wannan bai dame shi ba kamar yadda Nortey ya ɗauke ƙafa. Da shirun ya yi yawa, ya bi shi gida.

"Ka ji faifan?"

"An ishe mu da shi."

"To?"

"To me? Kai da kake busa har mashaya su manta da kwalabensu, yau yara ke gutsura maka wuri kamar sadaka."

"Su dai sun neme ni. Kai yaushe rabonka da ganga?"

Nortey ya dubi yatsunsa da sanyin ƙashi ya kanannaɗe, ya juya fuska. Oblitey ya so ya janye maganar, amma ta riga ta fita.

A motar komawa direba ya sa waƙar. Da aka zo wurin busar, wata mata ta ce, "Kai, na'urar nan ta iya kuka!"

"Ba na'ura ba ce, 'yata. Ni ne."

"Kun ji Kaka, wai shi ne!"

Mota ta kwashe da dariya. Ya sauka tun kafin unguwarsu, ya ƙarasa a ƙafa.

Da Madam Ekua ta nemi faifai na biyu, ya ce sai in za a bar masa waƙa ɗaya, shi kaɗai, ba ganga ba murya. Ta sa ta can ƙarshe. Gidajen rediyo suka tsallake ta, amma mai sharhin nan ya rubuta cewa a wannan waƙar ce aka ji Oblitey na gaskiya. Kafin nan an binne Nortey, shi da Oblitey ba su sasanta ba.

A tsaye Oblitey ya karanta sharhin a teburin mai jarida. Ya waiga ko zai ga wanda ya sani ya nuna masa. Ya ninke jaridar, ya mayar inda ya ɗauka.