Lomar wanda ba ya nan

Mu takwas ne muka ci akushi ɗaya a lakwal, makarantar kwana, a Damagaram, dukkanmu 'yan ƙasar Kance, waɗanda aka kamo daga gidajen iyayenmu ana kuka aka kai boko. Dokar wurin ke nan, kowane akushi da mutanensa, ba ka canjawa har ka fita. To, mutumin da kuka shekara kuna ƙona yatsu tare cikin tuwon da rabinsa tsakuwa ne, ai ya wuce aboki. 'Yan akushi muke kiran kanmu, har gemu ya fito mana sunan bai sake mu ba.

Da muka gama, aiki ya watsa mu. Ni aka turo ni Matameye ina koyarwa, yara suna ce mini mushe, wato malam. Da yake garin yana kan hanya, kuma iyayen yawancinmu suna nan kusa, Dawce ne, Yauri ne, Kance ne, sai gidana ya zama matattara. Sau ɗaya a shekara, bayan an cire gyaɗa, ranar kasuwa, duk wanda ya samu hutu ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya zo. Matata ta tuƙa tuwon gero da miyar kuka, a zuba a akushi guda, a ajiye a zaure.

Muna da al'adarmu, wadda ban san wanda ya ƙirƙiro ta ba. Kafin kowa ya ci don kansa, sai a kira sunan wanda bai zo ba. Wanda ke da labarinsa ya yanki loma, ya ci a madadinsa, sannan ya ba da labari. Lomar wanda ba ya nan muke ce mata. A nan muke jin cewa wanda aka kai Agadas ya yi aure, yana kukan tsadar hatsi kamar shi kaɗai ke da ciki. A nan muka ji ɗayanmu ya bar aikin biro, wato ofis, ya koma fataucin fata, ya je Makka, yanzu in ba ka ce Alhaji ba ba ya waigowa. A nan kuma muka ji autanmu, wanda ya shiga soja aka tafi da shi wani yaƙi can bayan teku, ba zai dawo ba. Ranar babu wanda ya taɓa lomarsa, fatiha muka yi.

Amma ba don waɗannan nake wannan rubutu ba. Don babbanmu ne.

Ya girme mu da 'yan shekaru, mutumin Yauri, Yaya muke ce masa. Shi ke raba nama a lakwal, ranar da aka ga nama. Tsoka ɗaya zai yayyage ta takwas da yatsunsa, kuma wallahi ba a taɓa jin wani ya ce an cuce shi ba. In manyan ɗalibai suka tare ƙaramin cikinmu, shi ke shiga tsakani ya sha dukan. Ya zama akawu a biron kumandan, rubutunsa kamar an buga da inji. Ana nan sai wasu tabo suka fito masa a hannu. Wata rana ya ɗauki butar shayi daga wuta, yana ta magana, sai da wani ya yi ihu sannan ya ga tafinsa ya ƙone bai ji ba. Kuturta ce. Aka sallame shi daga aiki ba tare da hayaniya ba, dangin matarsa suka zo suka tafi da ita. Bai koma Yauri ba, ya ce ba zai iya kallon idon tsohuwarsa ba. Ya zo Matameye ya yi bukka a bayan marina, inda wasu masu irin ciwon suke zaune, yana gadin lambun wani mutum.

Nakan je wurinsa. Shekarar farko da aka taru bayan haka, aka kira sunansa, ni na ci lomarsa na ce yana nan, yana shan magani. Kowa ya ce Allah ya sawwaƙe, idonsa a akushi. Shekara ta biyu haka. Na Agadas ba ya nan, gaskiya ne. Amma mutumin da in na hau katangar gidana na ƙwala kira zai amsa, shi ma ba ya nan?

Shekara ta uku mu huɗu muka hallara. Da aka zo kan sunansa, duk suka juyo suna kallona. Na naɗe hannu na ce ba ni ci.

Akwai ɗayanmu da ke aiki a Yamai, wanda ko zafin bazara ba ya raba shi da kwat. Shi ya fara magana. Ya ce, “Haba mushe, kar ka ɓata mana taro. Ci mu wuce.”

Na ce, “In ci in ce me? Ga shi can bayan marina, ko takalmi ba sai ka sa ba. Tir da mu, wallahi! Mutumin da ya sha bulala saboda kai?”

Ya ce yana da yara ƙanana, in yi masa adalci. Sai muka juya ga ɗan'uwanmu da ke aikin likita a Maraɗi. Ya yi gyaran murya ya ce ciwon ba ya saurin kama mutum yadda ake tsoro, balle wanda ke kan magani. Gaskiya ya faɗa, na sani, amma yana faɗa yana kallon tabarma. Raina ya ɓaci. Na rufe akushin da faifai, na ɗauka, na fita. Ban ce kowa ya biyo ni ba, amma na ji takalmansu a bayana.

Dole muka ratsa gefen kasuwa. Mata masu fura suna nuna mu da baki, wai ga mushe da akushi kamar sabon ango, ga masu kwat suna bin sa. Ban kula kowa ba.

Muka same shi a inuwar bukkarsa yana zaune. Yana ganinmu ya mayar da hannayensa cikin riga. Allah sarki, fuskar ta kumbura, girar ta zube, amma muryar tana nan. Ya yi ta lale, ya ce mu jawo tabarmar can, ba wanda ke hawanta, sabuwa ce. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi na Yamai ciwon kunnen da yake yi tun muna yara. Ya tambayi likitan Maraɗi ko har yanzu yana tsoron ƙadangare, muka fashe da dariya. Ya tambayi na Agadas, ya tambayi Alhajin fata, ya ce a gaya masa shi dai ba zai daina kiransa da sunan lakwal ba. Na ji daɗi, na ce a raina shi ke nan, an gama.

Na buɗe akushin. Muka wanke hannu. Ba a fara ci sai babba ya yi bismilla, haka muka taso, don haka muka jira. Ya daɗe yana kallon tuwon. Sannan a hankali ya fito da hannun dama.

Ni na saba ganinsa, su ba su taɓa ba. Yatsun sun lanƙwashe, biyu sun gajarce, akwai miki a tafin an ɗaure da tsumma. Na Yamai bai tashi ba, bai yamutsa fuska ba, ba zan yi masa sharri ba. Gwiwarsa kawai ya ja baya kaɗan, ƙila shi kansa bai san ya yi ba. Amma Yaya ya gani. Mutumin da ya shekara yana raba tsoka takwas, me zai wuce idonsa?

Ya mayar da hannun cikin riga.

Ya ce, “Shekarun nan wa ke cin lomata?”

Na ce, “Ni ne, Yaya.”

Ya ce, “To, ci.”

Na ce, “Haba Yaya! Ga ka zaune. Don kai muka zo.”

Ya ce, “Na sani, Allah ya saka. Ci na ce, ka ba su labarina. Tun yaushe kake musu da ni?”

Na Yamai ya fara rantse-rantse, yana cewa don Allah Yaya ya sa hannu, shi bai nufi komai ba. Yaya ya ce masa ya yi shiru, ba a katse mai ba da labari. Ban taɓa ƙin maganarsa ba tun ina yaro, kuma ranar ma ban iya ba. Na yanki loma na sa a baki. Hawaye na zuba, ban ɓoye ba.

Na ce, “Yana Matameye.”

Ya ce, “Madalla. Sai me?”

Na ce, “Yana gadin lambu. Yana shan magani.”

Ya ce, “Lafiyarsa ƙalau?”

Na ce, “Da sauƙi.”

Ya gyaɗa kai kamar yadda mukan yi in an ba da labarin na nesa. Ya ce, “Alhamdu lillahi. In ka gan shi, ka ce ina gaishe shi. Na daɗe rabona da shi.”

Sannan ya ce mu yi bismilla, tuwo na hucewa. Muka ci, mu huɗu, yana zaune yana kora mana ƙuda da gefen rigarsa.