Waƙar Niƙa Ta Tagar Laburare

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, amma ban ga ranar da zai kwashe wannan ba: ranar da na tsayar da dattijo ɗan mutane a bayan tagar laburaren kwalejinmu, ƙafafunsa cikin furanni, yana rera mini waƙar niƙa. Har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai, can kuma jikina ya yi sanyi.

A tsakiyar shekarun tamanin ne. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, ina zaune a Nasarawa ta Kaduna wurin gwaggona, yayar mahaifina, wadda mijinta ke aiki a masaƙa. Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai rubuta kundin kammala karatu a kai, ni sai na ce waƙoƙin niƙa. 'Yan ajinmu suka sa ni gaba da tsiya, wai a garin da kowane lungu inji ke ruri, ni ina neman dutse. Ban kula su ba, don ina da dalilina.

Dalilin nawa Gwaggo ce. Tana da wata waƙa ta mahaifiyarta, kakata da ban taras da ita a duniya ba. Baitukan suna bakinta tsaf, amma faɗarsu take yi kamar mai ba da labari, karin waƙar ya ɓace mata. Tun da ƙuruciya ta baro ƙauyenmu, rabonta da durƙusawa gaban dutse kuwa an daɗe. Takan ɗauko farkon, "Dutsen gidanmu ba ya tashi, sai ni na tashe shi da asuba," sai ta gwada ja, ta kasa, ta yi tsaki ta kama wani aikin. Wata rana ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Uwar da ta haife ni, a ce na manta yadda take rera waƙarta." Maganar nan ta tsaya mini a rai. Kuma ni Allah ya yi ni da son bin diddigi. Na dinga tambayar kaina, shin in murya ta ɓace, ina take zuwa? Na zagaya tsofaffin unguwa, kowace da waƙar garinsu, babu wadda ta san tamu.

To sai laburare. Wanda bai yi karatu a lokacin ba ba zai gane wahalar ba. Wasu durowoyi ne na katako jere a bakin ƙofa, cike da ƙananan katuna, kowane littafi da katinsa da lambarsa. Ka ja durowa, ka bi katuna da yatsa, ka kwafi lamba, ka je ka nemo kanta. Na nemi sashen kiɗa da waƙa, na samu lamba, na tafi da murnata. Me zan gani? Littattafan Turawa zalla, hotunan wasu masu dogon gashi zaune gaban fiyano. Ko kalangu ɗaya babu, balle dutsen niƙa. Na yi kwanaki ina komawa kantar nan kamar wani sabon abu zai tsiro. Haushi ya ishe ni.

Akwai wata mata mai kula da sashen littattafan da ba a fita da su, kowa Madam yake ce mata. Tsoronta muke ji, don ko tari ka cika yi sai ta ɗago kai ta dube ka ta saman tabarau. Ranar da haushin ya fi ƙarfin tsoron na je na tsaya gabanta, na ce wai duk faɗin laburaren nan babu wanda ya taɓa jin Bahaushiya ta yi waƙa? Na zaci za ta kore ni. Sai ta ce in daina neman waƙarmu a ƙarƙashin waƙa. Waɗanda suka tsara lambobin nan, in ji ta, can suka zuba namu cikin al'adun ƙabilu, tare da kitso da tatsuniya da bikin suna. Ta kuma nuna mini wata kanta a can ƙurya, ta tsofaffin mujallu da aka ɗinke su da baƙin bango, ta ce in bi su ɗaya bayan ɗaya, don abin da ke cikinsu ba shi da kati.

Haka na zauna ina buɗawa ina atishawa. A nan na ga abubuwan da ban taɓa zaton an rubuta ba, kiɗan maƙera, kiɗan noma, waƙar daɓe, har na kusa manta abin da ya kawo ni. Sai ga rubutun wata Baturiya da ta zagaya ƙauyukan ƙasar Zazzau kafin samun 'yanci, tana bin mata tana rubuta waƙoƙinsu. Hausar a karkace take, sai na karanta a hankali nake ganewa. Ina juya shafi sai idona ya faɗa kan dutsen da ba ya tashi. Wallahi sai da na dafa tebur. A saman kalmomin kuma ga wasu layuka da ɗige-ɗige a kansu, wasu da wutsiya sama, wasu ƙasa. Na san wannan shi ne rubutun murya irin na Turawa. Ga abin da Gwaggo ke nema a gabana, ina kallonsa, amma ban san ko da wane sauti ya fara ba.

Mujallar ba ta fita. Injin ɗaukar kwafi kuwa an lulluɓe shi da ƙyalle, ana jiran a kawo masa wani ƙarfe daga Ikko. Na ce ba komai, ai ina da hannu. Na buɗe littafin rubutuna na kwafe ɗige-ɗigen nan tsaf, har ina yaba wa kaina.

Ina da ƙawa a ajinmu, 'yar unguwar Narayi, mutanen kudancin Kaduna ne. Mahaifinta ya taɓa zama cikin 'yan badujalar soja, bayan ya yi ritaya yake koyar da mawaƙan cocinsu a Sabon Tasha. Ita ta kai ni gidansu ranar Asabar. Baba, haka ni ma nake ce masa, yana da ogan a falonsa, irin wanda ake taka wa iska da ƙafa. Ya karɓi takardata, ya gyara tabarau, ya danna kaɗan, ya tsaya. Ya sake dannawa, wani sauti ya fito kamar an taka wutsiyar mage. Sai ya tambaye ni layi nawa na gani a littafin. Na ce ban ƙirga ba, kan layukan takardata kawai na bi. Ya ce to duk ɗige-ɗigen baƙaƙe ne haka? Na ce a'a, akwai masu farin ciki, amma na ga kamar tawada ce ba ta kama ba, shi ya sa na cike su da biro.

Dattijon nan ya yi dariya har da share hawaye. Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage. Da ya huce ya yi mini bayani, layukan biyar ne cif, inda ɗigo ya zauna shi ke nuna hawa ko sauka, farin cikin nan da na cike kuma shi ke nuna a ja murya. Na ba shi labarin Gwaggo. Sai ya ce ba sai na sake kwafe ba, shi zai zo ya gani da idonsa.

Ya kuwa zo ranar Litinin, cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci. A nan muka yi karo da Madam. Ta gaishe shi da ladabi, sannan ta jero mana dokokinta. Baba ba ɗalibi ba ne, ba shi da katin shiga. Mujalla ba ta ƙetare ƙofa. Ko da ya shiga ma, ba a waƙa a laburare, ga mutane suna shirin jarrabawa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata to me amfanin ajiye waƙa a inda ba wanda zai ji ta? Ƙawata tana ta taka mini ƙafa, ni kuwa idona ya riga ya cicciko.

Madam ta juya. Ta daɗe tana kallon tagar da ke ƙarshen kantar mujallu, irin mai gilasai jere da ake buɗewa da ɗan ƙarfe. Can ta ce, "Dokata a jikin bangon nan ta ƙare. Abin da aka yi a bayansa ba ruwana." Ta koma kan aikinta kamar ba ta ce komai ba.

Haka aka yi. Ƙawata ta tsaya daga ciki ta buɗe mujallar ta manna ta a jikin taga. Ni da Baba muka zagaya ta baya, muka kutsa cikin furannin da aka shuka a gindin bango. Ya ranƙwafa yana leƙe ta tsakanin gilasai, yana buga yatsa a cinyarsa, ya fara da gunguni, sannan ya saki murya. Muryar cocinsa ya sa mata, a hankali, da ɗan rawa-rawa a ƙarshe. Tsigar jikina ta tashi. Ɗalibai masu wucewa suka tsaya suna kallon ikon Allah, dattijo cikin kwat yana ce wa taga shi ke tashin dutse da asuba. Abu ɗaya ne ya dame shi. Ya ce Baturiyar ta sa alamar a dakata a wuraren da ba su dace ba, har a tsakiyar kalma. Ya ɗauka kuskurenta ne, sai ya bi ta kansu ya miƙe waƙar sumul.

Ba ni da rikoda, rubutun kuma ban iya karantawa ba, don haka babu inda zan zuba waƙar nan sai kaina. Ya rera na bi, ya rera na bi, har ya ce ta zauna. Na yi masa godiya a gurguje na ruga titi, don ji nake in na tsaya magana da wani za ta zube. Na faɗa bas ta Nasarawa, sai ga direba ya ƙure kaset. Na ja ɗankwali na toshe kunnuwa, na sa yatsu na danne, ina ta gunguni. Wata mata kusa da ni ta tambaya ko haƙori ne ke damuna, na gyaɗa mata kai kawai. Kwandasta ya yi ta magana ban ji ba, sai da ya taɓa jakata. Kafin mu iso ni kaina ban tabbata ba ko waƙar Baba nake riƙe da ita ko ta gauraya da ta direba.

Na tarar da Gwaggo a tsakar gida bayan la'asar, tana tsintar shinkafa a faranti. Ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na durƙusa gabanta na ce ta saurara, na samo mata waƙar Inna, mahaifiyarta. Na rufe ido na ja ta yadda Baba ya koya mini, har da rawar muryar. Da na buɗe ido ina jiran in ga hawaye, sai na ga ta yamutsa fuska.

"Da wannan jan za ki niƙa gero? Ai sai gida ya kwana da yunwa."

Na ji kamar ta watsa mini ruwan sanyi. Duk wahalar nan. Na ce cikin fushi ai haka take a littafi, Baturiya ce ta rubuta, wanda ya san aikin kuma ya karanta mini.

"Baturiyar ce ta sha nonon Inna ko ni?" in ji Gwaggo. "Kin kama kan waƙar dai, amma ba haka ake tafiya da ita ba. Matsa ki gani."

Ta ajiye faranti, ta durƙusa a kan tabarma, ta kifa tafukanta biyu kamar ta riƙe ɗan dutse. Ta tura gaba, ta jawo, ta tura. Gyara kawai take son yi mini, cikin faɗa. Sai waƙar ta fito. Ba ta yi kama da tawa ba sai a farkon, tana da sauri, tana da nauyi, kuma duk inda ta tura hannu sai numfashi ya yanke kalmar biyu, daidai wuraren da Baba ya ce kuskure ne. Ta wuce inda mujallar ta tsaya, ta shiga wasu baitukan da ban taɓa ji a bakinta ba. Ni dai na ƙame, ko motsi na ƙi yi kada in katse ta.

Sai da ta kai ƙarshe sannan ta gane abin da ya faru. Ta tsaya a durƙushe, hannuwanta a kan tabarma, tana haki. Can ta ce a hankali, ba da ni take ba, "Ashe tana nan." Sannan ta ja gefen zanenta ta rufe fuska. Ban taɓa ganin kukan Gwaggo ba sai ran nan, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Kundina ya wuce lafiya, amma ba shi nake tunawa ba. Na shiga laburare ina zaton zan ɗauko waƙa in kawo wa Gwaggo, ashe abin da na kawo mata kuskure ne, kuma kuskuren ne ya tayar da wadda ke kwance a jikinta. Ba don takardar nan ba, da ba ta tashi ba. Ba don Gwaggo ba kuma, da na haddace abin da ba shi ne ba ina koya wa yara da sunan gado. Abin da na koya ke nan, kuma shi na riƙa faɗa wa ɗalibaina har na bar aiki: ku nemi abin da aka rubuta, ku sha wahalar nemansa, amma kada ku tsaya nan. Ku kai shi gaban tsohon da ya san abin tun yana da rai, ku bari ya ce muku ba haka ba ne.