Ƙafafun Tsuntsayen Dogara

Kowace safiya Dogara yakan wasa askarsa a kan dutse, ya gwada kaifinta a gashin hannunsa. Shekara talatin ya yi yana sassaƙa hatimin roba a bakin sakatariyar Keffi. Da ido ya fara gajiya da ƙananan haruffa, ya koma gida Jigwada, ya kama sassaƙa hotuna a kan leda mai kauri, irin ta shimfiɗa a ɗaki.

A guntun leda ɗaya yake aikin duka. Ya sassaƙa, ya shafa tawada, ya kifa takarda ya murza da bayan cokali. Ya ƙara rage ledar, ya buga wani launi a kan na farko. Abin da aska ta cire ya tafi ke nan.

Bana tsuntsayen teku ya sa a gaba, shi da bai taɓa wuce Lokoja ba. Ya gan su a wata tsohuwar kalanda, suna shawagi. Nasa ya tsayar da su a bakin gaɓa. Sati uku, takarda ashirin a kan igiya, kowacce ta sha shuɗi da toka-toka da rawaya. Saura baƙi.

Ranar nan amininsa Ruben ya leƙo, wanda ya yi aikin jirgin ruwa a Fatakwal. Ya daɗe yana kallo.

"Dogara, kajin wa ka kai teku?"

"Kaji kuma?"

"Dubi yatsun, a warwatse. Na can ƙafar agwagwa gare su, da fata a tsakani. Waɗannan in suka faɗa ruwa sai dai a yi musu zaman makoki."

Dogara ya duba ledar. Tsakanin yatsun ya riga ya ƙwaƙule. A kalandar, ƙafafun a naɗe suke cikin gashi. Da ya zo sassaƙa ƙafafun, kazar tsakar gida ya leƙa ya kwaikwaya.

"Yaga su ka sake," in ji Ruben.

Dogara ya auna faɗin takarda da taƙi.

"Ruwan can yakan hau gaɓa?"

"Kullum, har gwiwa."

"To zai hau. Igiyar ruwa ɗaya, baƙa, ta rufe su duka."

Sai dai wannan na bukatar sabuwar leda, tasa kuwa ta ƙare.

"Ta ƙarƙashin gadon Zipora ba mai gani," in ji Dogara, yana nufin ledar ɗakin matarsa.

"Ni dai ban zo gidan nan yau ba."

Dogara ya soke askar a aljihu, ya ɗaga labule ya fita.